Shida da Bakwai a Fuskar Inna Habi

Fitila ta farko da na kawo gidanmu ta goge wa kakata fuska. Na kunna ta, na ɗauki bidiyon minti biyu, na duba waya, sai na ga wata tsohuwa mai sulɓin kumatu wadda ban taɓa gani ba, ɗaure da ɗankwalin Inna Habi.

Sunana Mardiyya. Na gama karatun koyarwa a Sakkwato, na dawo na tarar ƙauyenmu ya riga ni shigowa Sabon Birni. Mutanen tungarmu, can bayan Kurawa, sun kwaso kaya shekara uku da suka wuce, lokacin da 'yan bindiga suka hana kowa zuwa gona. Muna zaune a ɗaki biyu da rumfa, cikin gidan wani ɗan'uwa. Ba na son a tausaya mana, kuma waɗanda suka gwada sun ji daga bakina.

Gonakinmu huɗu ne a can. Ba su da takarda. Iyakarsu tsamiya ce, da layin gamba, da suri, da wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Kakana Malami shi ya san su, ya rasu a nan gari a farkon bazara. Babana ya riga shi tafiya tun ina firamare. Baffa Wakili kuwa, ƙanen babana, rayuwarsa duka a kan babur ya yi ta tsakanin Burkusuma da kasuwannin Nijar, in ka ajiye shi a gonar ubansa sai ya nemi wanda zai nuna masa gabas. Saura Inna Habi kaɗai, wadda ta yi shekara arba'in da wani abu tana kai abinci gonakin nan.

Tana cikin takaba, saura kwana tara ta fita. Ranar da za ta fita Baffa Wakili zai ɗauke ta zuwa wurin 'yarta Fatimatu a Nijar, kuma ta faɗa mana a fili cewa ba za ta dawo ba. In aka koma ƙauye wata rana, gamba ya ci wuta, suri ya rushe, kowa zai nuna iyaka inda ya ga dama. Shi ya sa na ce za ni ɗauke ta a bidiyo tana faɗin iyakokin da bakinta.

“Sau guda za ni faɗi,” in ji ta. “Ni ba rediyo ba ce.”

“Sau guda ya isa, Inna.”

“Kuma ba ni hita tsakar gida. Malami bai cika wata huɗu da kwana goma ba.”

Na gaya mata malamai ba su hana mai takaba zama tsakar gida ba. Ta ce ta ji, malamai su fita.

Ɗakinta taga ɗaya gare shi, ita ma ta toshe ta da buhu. Da tsakar rana sai ka laluba kafin ka sami tabarma. Na gwada ɗauka a haka, hoton ya fito kamar an zuba masa ƙasa. Na buɗe ƙofa, haske ya shigo na ɗan lokaci, rana ta matsa, rabin ɗakin ya koma duhu, ga matan gida suna daka a bakin rumfa. Maganar gona huɗu za ta ci awa biyu. Ina bukatar hasken da zai tsaya wuri ɗaya daga bisimilla har zuwa ƙarshe.

Na je shagon Abdurrazak, mai sayar da kayan waya a bakin kasuwa. Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya babban ƙwai ne a cikin wata farar lema, sai an jona shi da wutar lantarki. Wuta kuwa a unguwarmu sau biyu take zuwa a wata, ta gaishe mu ta wuce. Ɗayar zobe ce mai faɗin faifai, ana maƙala waya a tsakiyarta, tana ci daga batirin caji.

“Wannan ita ce ta 'yan mata,” in ji shi. “Duk mai bidiyo ita taka saye. Ba ƙurji, ba tabo, ba tamoji. Tsohuwa ma sai ta koma amarya.”

“Na san ta,” na ce.

Ban san ta ba. Amma ban yi shekara uku a Sakkwato don mai shago ya koya mini fitila ba. Na ɗauke ta na tafi.

Abin da ya biyo baya na riga na faɗa. Na kashe duk wani abin gyaran fuska da ke cikin wayar, na sake ɗauka, bai canza komai ba. Na nuna wa Inna. Ta riƙe wayar nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

“Ɗiyar wa ce?”

“Ke ce, Inna.”

“Allah shi ba ta lahiya,” ta ce, ta miƙo mini wayata.

Na ɗauka rigimar tsufa ce. Don in tabbatar, sai na kai wa Malam Zayyanu. Shi ne maƙwabcinmu na gona, iyakarmu ɗaya da shi ta yamma, kuma shi da kakana sun shekara talatin suna gaisawa da fara'a suna jayayya a kan tsamiya ɗaya. Shi ma gudu ya kawo shi gari, yana zama a rumfar masallaci yana tufka igiya. In akwai wanda zai fara musun bidiyon nan, shi ne.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya kalla, ya share gilashin wayar da hannun riga, ya sake kallo.

“Wagga ba Habi ba ce.”

“Ita ce, Baba. Jiya na ɗauka.”

“Ke ɗiyata, na san Habi tun ba a haihi ubanki ba. Bagobira ce. Shida nan, bakwai nan.” Ya ja yatsa daga gefen bakinsa zuwa kunne, hagu da dama. “Wagga ko guda ba ta da. An ce yanzu waya na ƙera mutum ta sa mishi magana. In kinka kawo wanga abu gaban hakimi, ni za ni fara cewa ban san ta ba.”

Ya koma kan igiyarsa. Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin rashin gane wani kamar haka ba.

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Tsagen Inna ya tsufa tare da ita. Ba shi da wani launi dabam da fatarta, kwari ne kawai sirara da suka kwanta cikin tamoji. A ƙauyenmu kuma ba a gane tsohuwa da katin shaida. Ni ba a yi mini tsage ba, babana ya hana, shi ya sa ban taɓa tunanin akwai ranar da za ni bi shi da fitila ina nema ba.

Washegari da hantsi na kai mata kunu. Na tura ƙofar da ƙafa, ta buɗe kaɗan, haske ya shigo ta gefe ya kwanta a kumatunta na hagu. Layi shida suka tashi, kowanne da 'yar inuwarsa, kamar kunya a gonar da aka yi wa huɗa. Na tsaya da kwano a hannu. Ashe inuwa ce ke nuna su. Zoben nan yana watsa haske kai tsaye daga gaba, ya cika kowane kwari, bai bar inuwa ko ɗaya ba. Aikin da aka ƙera shi ya yi ke nan, kuma ya yi shi da kyau.

“Kunun nawa ne ko na ƙofa?” in ji Inna.

Na koma wurin Abdurrazak da zobensa. Na ce ina son fitilar da za ni iya ajiyewa a gefe, nesa da waya, mai batirinta a jiki.

“Ta lalace ne?”

“Lafiyarta ƙalau. Tana cire tsage.”

“To ai shi mutane ka so.”

“Ni tsagen nake nema.”

Ya dube ni kamar na ce ina neman zazzaɓi. Ya ce irin wadda nake faɗi, mai faɗi kamar allo, babu ita a Sabon Birni, sai shagon yayansa a Isa. Zai karɓi zoben, ya kira yayan ya ba ni waccan a madadinta. Kawowa kuwa sai mako na sama. Saura kwana shida.

Na ce za ni Isa da kaina, Baffa Wakili ya ce ba za ni ba. Ya ce shi da ya san kowace hanyar daji bai bi titin Isa ba tun azumi. Na ce to ya faɗa mini inda gonar Fadama ta ƙare ta arewa, sai in zauna. Sai ya ce in zauna kusa da ƙofar mota.

Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai a hanyar nan. Muka jira a tasha har aka haɗa shida, aka tashi tare da hantsi. Mu goma sha ɗaya ne a motar da aka yi don bakwai. Wata mata kusa da ni ta zare 'yan kunnenta ta sa a baki. Muka wuce ƙauyuka uku da ba hayaƙi, ba akuya, gero ya fito da kansa a tsakar gidaje. A wani kwari direba ya kashe rediyon da dama ba a kunne yake ba. Ni ƙoƙo ne a cinyata, na Inna, mai zanen wuƙa a bayansa. Matar ta tambaye ni ta gefen baki ko roƙo za ni. Na ce a'a, sayayya.

Yayan Abdurrazak ya fito mini da uku. Na ce ya rufe ƙofar shago. Na kifa ƙoƙon a kan benci, na riƙa haska shi ta gefe da kowacce. Ta farko tana da haske kamar walda, amma akwai fanka a cikinta mai zuuu, wadda za ta shiga cikin muryar Inna. Ta biyu ƙarama ce kamar sabulu, haskenta shuɗi-shuɗi, ya ce batirinta minti arba'in. Gona ɗaya ke nan da rabi. Ta uku faɗinta kamar allon karatu, ba ta ƙara, tana da maɓalli biyu a baya, ɗaya na rage ƙarfi, ɗaya na juya hasken daga fari zuwa ruwan zuma. Na rage ta zuwa rabi, na matsar da ita gefe. Zanen ƙoƙon ya fito har da inda wuƙar ta kuskure.

“A rabi awa nawa take yi?”

“Biyu da wani abu.”

“Wani abu nawa?”

“Hajiya, ban taɓa zama na jira ta ba.”

Na ce ni za ni jira. Motocin komawa sai bayan azahar. Na zauna a bencinsa da fitila a kunne ina kallon agogo, masu sayen caja suna shiga suna fita suna kallona. Ta yi awa biyu da minti goma ta mutu. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa yi masa haka ba. Na ce yanzu ya sani, in wani ya tambaya.

Mun dawo lafiya. Kwana biyu bayan nan aka tare motoci a kwarin nan, hanya ta rufe.

Kwana biyu fitilar ta yi tana shan caji a wurin mai sola, saboda hadari. Ranar da na karɓo ta saura kwana uku. Na ɗaure ta a jikin tabarya, na jingina tabaryar a cikin turmi, hagu da Inna, sama kaɗan da kanta. Wayar na kafa ta a kan buhun gero. Na juya hasken zuwa ruwan zuma don fari yana sa idonta hawaye. Na ɗauki minti ɗaya na nuna mata.

Ta ƙirga da yatsa a kan gilashi. “Guda, biyu, ukku, huɗu, biyat, shidda.” Ta tsaya. “Ina sauran?”

Kumatun dama ya faɗa duhu gaba ɗaya. Na mayar da fitilar dama, bakwai suka fito, shida suka ɓace. Na kawo ta tsakiya, duka suka tafi.

“Da kin shafe ni,” in ji ta. “Yanzu kin raba ni biyu. Karatun ga naki na ci gaba.”

Wata fitilar babu, zoben na mayar, hanyar Isa a rufe. Na ɗauko farantin silba na riƙe ta dama don ya mayar da haske. Ya mayar, cikin idonta, ta ce in na makantar da ita sai in kai ta Nijar a goye. Na gwada murfin bokiti. Na gwada takardar shaidar karatuna, wadda aka lulluɓe da leda, ita ma ƙyalli ta yi, kuma ta yi ƙanƙanta. Abin da nake bukata fari ne, mai faɗi, marar ƙyalli. Bangon ɗakin jar ƙasa ne. Zannuwanmu duka masu launi ne.

Na zauna a ƙasa. Ban yi kuka ba, ina so a rubuta wannan. Inna ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta nuna akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado.

“Buɗe. Ta ƙasa.”

Farar rigar kakana ce, babbar riga ta zuwa Idi, a ninke da ƙanshin turarensa. Da ita ya fito daga ƙauye, ya bar buhun gero biyu don ta sami wuri a kan jaki. Ina warware ta Baffa Wakili ya leƙo.

“Kai, kai! Inna, wagga riga gado ce. Ba a raba ba. Sai Fatimatu ta sa baki.”

“Sawa Mardiyya tac ce za ta yi?”

“A'a, amma hakkin magada…”

“Rataya ce, Wakili. Ubanka ya rataye ta shekara ashirin ba ta ragu ba. In kana tsoron hakki, zo ka riƙe rabonka da hannunka.”

Haka aka yi. Igiyar da na ɗaura ba ta kai bango ba, sai Baffa ya tsaya dama da Inna, bayan idon waya, ya ɗaga hannun riga ɗaya sama, ɗayan yana kan ƙusa. Rigar ta buɗe kamar bango. Hasken ya tashi daga hagu, ya wuce fuskarta, ya bugi farin yadi, ya dawo a hankali. Shida suka tsaya da inuwarsu mai ƙarfi. Bakwai suka fito a sanyaye, amma ana ƙirga su.

Na nuna mata. Ta ƙirga har ƙarshe. Ta ɗan juya ta kalli rigar, ta daɗe fiye da yadda ƙirga ke bukata.

“To,” ta ce. “Kunna.”

Ta faɗi sunanta da na ubanta da na mijinta. Ta fara da gonar Fadama, daga rijiyar da ta rufta, taku nawa zuwa suri, wa ya shuka gamban arewa, a shekarar wace yunwa. Ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ta faɗi wanda ya ba da aron wane yanki da wanda ya shaida. A gona ta uku hannun Baffa ya fara rawa, hasken dama yana motsi, na harare shi, ya canza hannu. Ita ba ta kalle shi ba. Da ta gama ta huɗu ta ce, “Abin da na sani ke nan, Allah shi ne shaida,” ta nemi ruwa. Awa ɗaya da minti hamsin da biyu. Baffa ya sauke hannu ya ce shi bai san muna da gona a bayan maƙabarta ba.

Na tura bidiyon cikin katin waya uku. Ɗaya na ba Baffa, ɗaya na ɗinke cikin matashina, ɗaya na ba Inna ta tafi da shi.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa zane mai launi, ta hau bayan babur ɗin Baffa da ƙullinta da ƙoƙonta. Ta ce in riƙa cin abinci, in rage baki. Na ce za ni yi na farkon. Suka bi hanyar Burkusuma.

Da la'asar na je rumfar masallaci. Malam Zayyanu yana nan da igiyarsa, da wasu dattawan tungarmu uku. Na gaishe su, na miƙa masa wayar. Ya share gilashin. Ya sa yatsa a kumatun hagu yana motsa leɓe, ya koma na dama.

“Habi ce,” ya ce. Sauran suka leƙa, suka ce Habi ce.

Suka saurara, wani yana gyaɗa kai in ta ambaci suri ko rijiya. Da ta iso iyakar yamma Malam Zayyanu ya ɗaga hannu.

“Tsaya nan. Habi ce, ban musa ba. Amma tsamiyar nan tamu ce, kowa ya sani.”

Ban tsayar ba. A cikin wayar Inna ta gyara zama, ta kalli gaba sosai, shida da bakwai duka a fili.

“Zayyanu zai ce tsamiyar tasu ce,” in ji ta. “Ku tambaye shi wa yab biya diyya da reshenta ya faɗa ma jakin wani mutumin Kurawa. In tashi ce, mi ya hana shi biya?”

Dattawan uku suka juya suka kalle shi. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki igiyarsa, ya nemi bakin zaren ya rasa.

“Wagga hitila,” ya ce, “ina kinka samo ta?”

“Isa, Baba.”

“Ta farkon ta fi kyau.”